Sauya bizar iyali zuwa bizar ƙwararren ma'aikaci a Birtaniya

Dubban mutanen da ke zaune a Birtaniya sun shiga ƙasar ne a ƙarƙashin bizar mazajensu ko matansu da suka je karatu ko aiki. A shekarar 2022, 'yan Najeriya ne suka fi kowa yawa cikin iyalan ɗaliban da aka bai wa irin wannan biza.

Mai bizar iyali yana da damar yin kusan kowane irin aiki. Sai dai zamansa ya dogara ne kacokan a kan mai ainihin bizar. Idan izinin wancan ya ƙare, nasa ma ya ƙare. Idan kuma aure ya mutu, wajibi ne a sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda kan rage wa'adin zaman zuwa kwana 60. Wannan ne ya sa wasu ke neman biza ta ƙashin kansu.

Yadda tsarin ya samo asali

A shekarar 2002 ne Birtaniya ta ɓullo da shirin HSMP, wanda ya bai wa ƙwararru damar shiga ƙasar ko da ba su sami aiki ba tukuna. An maye gurbinsa da tsarin ba da maki a 2008. A watan Disambar 2020 kuma aka fito da bizar da ake kira Skilled Worker, wadda ba a bayar da ita sai ga wanda ya riga ya sami aiki.

Wa ke da damar sauyawa?

Doka ta yarda mai bizar iyali ya nemi sauyi yana cikin Birtaniya, ba sai ya koma gida ba. Waɗanda ba su da wannan dama sun haɗa da masu bizar ziyara, da ma'aikatan gona na wucin gadi, da 'yan aikin gida.

Sharuɗɗa

Dole ne mai nema ya sami aiki a kamfani ko hukumar da ke da lasisin ɗaukar baƙi, wadda za ta ba shi takardar shaidar ɗaukar nauyi. Takardar kan lalace idan ba a yi amfani da ita ba cikin wata uku. Ba a yarda kamfani ya ɗora wa ma'aikaci kuɗin wannan takarda ba.

Akwai kuma batun albashi. An ɗaga mafi ƙarancinsa daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara a watan Afrilun 2024, sannan zuwa fam 41,700 a watan Yulin 2025, ko da yake akwai sassauci ga wasu ayyukan lafiya da koyarwa. A Yulin 2025 ɗin ne kuma aka tanadi cewa akasarin ayyukan su kasance na matakin digiri.

Haka nan sai mutum ya nuna shaidar iya Turanci, ta hanyar jarrabawar da hukuma ta amince da ita, ko digirin da aka tantance cewa da Turanci aka yi shi.

Baya ga kuɗin biza, akwai harajin kula da lafiya, wanda aka mayar fam 1,035 a shekara a watan Fabrairun 2024. An ɗauke wa masu bizar aikin lafiya wannan haraji.

Lokacin jira

Wajibi ne a miƙa buƙata ta intanet kafin tsohuwar biza ta ƙare. Wanda ya yi haka, dokar shige da fice ta 1971 ta ba shi damar ci gaba da zama da aiki har a yanke hukunci, abin da kan ɗauki kimanin mako takwas. Amma idan ya yi tafiya zuwa wata ƙasa, ban da Ireland, kafin a ba shi amsa, za a ɗauka ya janye buƙatarsa.

Riba da hasara

Wanda ya sauya ya daina dogaro da bizar wani, amma ya koma dogaro da kamfani guda. Sauya wurin aiki na buƙatar sabuwar takarda da sabon izini, kuma idan aka sallame shi, akan ba shi kwana 60 ya sami wani aikin ko ya bar ƙasar.

Babban abin lura shi ne izinin zama na dindindin. Shekarun da mutum ya yi da bizar iyali ba sa shiga lissafin shekarun da ake buƙata daga ma'aikaci, don haka ƙidaya kan koma farko. Wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi shekara biyar ne, amma a watan Mayun 2025 gwamnati ta gabatar da shawarar mayar da shi shekara goma. Saboda haka wanda ya kusa cika wa'adinsa a kan bizar iyalin ma'aikaci na iya yin hasarar shekaru idan ya sauya, yayin da iyalan ɗalibai, waɗanda bizarsu ba ta kai mutum ga zaman dindindin kai tsaye, su ne suka fi cin moriyar sauyin.