Shirin fari da ƙarancin ruwa a yankin Damari

A Damari da sauran garuruwan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, ruwan sama ya fi na arewacin Katsina yawa, shi ya sa masara ke yin kyau. Amma nan ɗin ma hatsarin yake. Ruwa kan sauka a Mayu, kowa ya yi shuka, sai ya ɗauke sati biyu ko uku. Iri ya ƙone, kuɗin taki ya tafi. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Shirin fari tun rani ake yin sa.

Kafin shuka

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace ƙaramar hukuma. Ka tambayi malamin gona na KTARDA abin da aka ce game da taku. Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Haƙa ƙasa da hannu; in danshi bai kai zurfin tafin hannu ba, dakata.

Ka raba gonarka. Masara mai saurin nuna kan kai cikin kwana 90 zuwa 95. Cibiyar IAR da ke Samaru, Zariya, tana da irin masara SAMMAZ, dawa SAMSORG da wake SAMPEA, wasunsu masu jure fari. Dawa da gero sun fi masara juriya, don haka a ba su tudu. Ajiye ɗan iri don sake shuka.

In ruwa ya ɗauke

• Ɗaure kunya: a toshe kwarin da ƙasa duk bayan taku biyu, ruwa ya tsaya ya nutse.
• Rufe gindin shuka da ciyawa ko kara.
• Kada ka zuba yuriya a busasshiyar ƙasa, asara ce. Jira ruwa.
• Yi noma da wuri, ciyawa ma tana shan danshin.

Ruwan sha da na dabbobi

Daga Maris zuwa Mayu ne rijiyoyi ke ƙafewa. Mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 15 zuwa 20 a rana, wato kusan jarka guda, saniya kuwa ta fi haka. Ku ƙirga gidaje da dabbobi, ku ga ko rijiyoyinku za su isa. A yashe rijiya da tafki kafin ruwa ya sauka. Mai rufin kwano ya sa indararo da tanki: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. A yankin da tsaro ke da matsala, gyaran famfon cikin gari ya fi tura mata da yara ɗibar ruwa a daji.

Aikin ƙungiya

Ku naɗa kwamitin ruwa, ku riƙa tara ɗan kuɗin gyara duk wata. Ku rubuta famfunan da suka lalace, ku kai wa kansila da sashen ruwa na ƙaramar hukuma ta hannun mai unguwa da dagaci, ku riƙe kwafi. Rijiyoyin burtsatse na karkara aikin RUWASSA ne, agajin gaggawa kuwa na SEMA. Inshorar amfanin gona ta NAIC kafin asara ake yin ta, ba bayanta ba.

Ku zauna da makiyaya tun da wuri a tsayar da lokacin shayar da dabbobi da hanyar zuwa mashaya. Rigima da yawa daga bakin ruwa take farawa. Allah ya ba mu damina mai albarka.