Tarihin bindiga mai baki biyu a ƙasarmu

A taron ƙungiya da ya wuce an yi doguwar gardama a kan bindigar marigayi tsohon sojanmu, wadda ke rataye a zauren gidansu fiye da shekara talatin ba a halba ta ba. Wasu daga cikin jikokinsa na son a saida ta, wasu samari kuma na son a sayo harsashi a fita da ita neman zabin daji. Dattawa suka ce mu ƴan lakwal mu karanta rubutun nasara da ke jikinta, mu kuma bincika asalinta. Ga abin da muka samo.

Kafin zuwan nasara, farauta sana'ar gado ce. Mahalba na da sarkinsu, suna da baka da kwari da dafi, suna da asirinsu. Sauran jama'a kuwa sai da rani, bayan an yi buɗin daji, ake fita gayya da karnuka da sanduna. Bindiga ta sarakuna ce, ta yaƙi. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi da yawa, har maƙeransa na zuba igwa, ana haɗa albarushi cikin birni. Amma ba mu ji an ɓata albarushin nan a kan zomo ba.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burusal, suka hana a saida ma baƙar fata bindigar zamani a babban yankin Afirka, kuma ƙasarmu na cikinsa. Abin da suka bari shi ne bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, wadda in ta ga dama ta tashi, in ta ga dama ta ci fuskar mai ita. Bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, mai baki biyu ta shigo, amma a kafaɗar kumandan. Kakanninmu sun santa tun suna masu kore mishi zabi daga cikin sabara, da masu ɗaukar abin da ya kashe. Ɗan ƙasa ba ya riƙe ta sai da takardar bariki, takardar kuwa sarakuna da tafintoci da manyan ƴan kasuwa ke samu. Ƙofa ta ɗan buɗe bayan yaƙin duniya na biyu, da aka soke aikin tilas a 1946, tsofaffin sojoji suka komo da fansho, gyaɗa kuma ta kawo kuɗi. A wannan zamanin ne, inji dattawa, tamu ta iso gari.

A jikinta an rubuta Saint-Étienne, wani gari ne na maƙera a Faransa, da kuma kalmar Robust. Kamfanin da ya ƙera ta, wanda aka fi sani da Manufrance, an kafa shi a 1885. Ya fitar da mai baki ɗaya da ake kira Simplex a 1908, sannan Robust mai baki biyu a 1913. Dabarar kamfanin ita ce wani ƙaton littafi mai hotuna da yake aikawa ko'ina ta gidan waya: bindiga, keke, keken ɗinki, fitila, kowane da kuɗinsa. Mutum na Maraɗi ko Tawa sai ya nuna hoto da yatsa, a rubuta mishi wasiƙa, ya biya, ya jira watanni. Simplex ta fi yawa a ƙauyuka don ta fi araha. Mai Robust kuwa, ko a kasuwa ana nuna shi. Kamfanin ya karye a 1980, ma'aikatansa suka yi ƙoƙarin riƙe shi har 1985, abin bai yiwu ba.

An kuma buga lamba 16 a jikinta. Mu kanmu da muna zaton lamba 16 ta fi lamba 12 girma, ashe akasin haka ne. Lissafin tsoho ne: in aka raba laba ɗaya ta dalma gida 16 aka dunƙula, kowane dunƙule shi ne faɗin bakin bindigar. Ke nan lamba 12 ta fi faɗin baki. Wannan lissafi mun ba ƴan ajinmu shi, sun sha wuya.

Mi ya sa baki biyu? Waɗanda suka bi tsohon daji suna yara sun ba mu amsa tun ba mu duba littafi ba. Kunama biyu gare ta. Ta gaba na tada bakin dama, wanda ke watsa ƙwayoyin dalma da faɗi, don fakarar da ta tashi gab da ƙafarka. Ta baya na tada bakin hagu, wanda aka ɗan matse bakinsa don ƙwayoyin su tafi a haɗe, su cim ma wadda ta yi nisa. Bayan taki arba'in kuwa, ɓarnar harsashi ce kawai, ko ka raunata tsuntsu ya tafi ya mutu a banza. Harsashi mai ƙananan ƙwayoyi na kurciya da hasbiya da fakara ne, mai ɗan kauri na zomo da zabo da dinya. Sun ce tsohon ba ya fita da harsashi fiye da huɗu, don kowane ɗaya kuɗi ne, kuma wuƙa na hannun yaron da ke biye da shi, a yi maza a yanka tun da sauran rai. Da damina, sa'ad da zabuwa ke kan ƙwai, bindiga ba ta sauka daga bango. Wannan doka ba daga bariki ya koyo ta ba, wurin mahalba ya gaje ta, ko da yake su mahalban ba su taɓa yafe mishi ba. Suna cewa ƙarar bindigarsa ta kore musu nama har bayan Gulbi.

Bayan mulkin kai an yi dokar farauta a 1962. A farkon shekarun 1970, ga fari ga ƙarewar namun daji, gwamnati ta rufe farauta a ƙasa baki ɗaya, rufewar da ta wuce shekara ashirin. Ma'aikatan gandun daji suka riƙa kama mutane, bindigogi da yawa suka shige cikin rufin ɗaki ko ƙarƙashin rumbu, tsatsa da gara suka gama da su. Dokar 1998 ta sake tsara al'amarin: sai da izinin riƙe bindiga, sai da izinin farauta, sai cikin lokacin da hukuma ta buɗe.

A nan muna da magana da dattawanmu, cikin ladabi. Sukan ce bindiga ce ta cinye dajin garinmu. Ta ci nata rabo, ba musu, balle a hannun masu fita da dare da fitila. Amma bindiga ɗaya da harsashi huɗu ba ta ƙarar da zabin ƙasa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itace da ciyawa. Mu kuma muka yawaita, muka nome saura, muka nome fadama, har burtali muka matse. Zabuwa na bukatar duhuwar da za ta ɓoye ƙwanta. Ina ta gan ta? Babban daji sai Baban Rafi, sai gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955. Tun da aka kama sassaben zamani a shekarun 1980, ana barin gawo da kalgo su tofo cikin gonaki, manoma na cewa sun fara jin kukan fakara da asuba. Kaɗan ne, ba su kai na halbi ba tukuna.

Ga samarin da ke son fita da ita, akwai wata lamba a ƙarƙashin bakinta, in an ɓalle katakon gaba: 65. Ma'anarta, mazaunin harsashi tsawonsa milimita 65 ne. Harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu na 70 ne. Zai shiga, bindiga ta rufe lafiya lau, don kafin a halba shi a naɗe yake. Sa'ad da ya tashi ne bakinsa ke buɗewa ya rasa wuri, ƙarfin wuta ya ƙaru a kan ƙarfen da ya tsufa. Mun ɗaga ta ga hasken rana mun leƙa: bakin hagu duk ramukan tsatsa ne, kuma in an girgiza ta tana motsi a mahaɗa. Hannun hagun mai halbi daidai wurin yake kamawa. Ban da haka, takardarta da sunan marigayi take, izini kuwa ba a gadonsa kamar gona. Da halin da ake ciki na ƴan bindiga a yankin Madarunfa da Gidan Runji, saurayin da aka gani da ita a daji ba wanda zai tsaya tambayarsa ko zomo yake nema.

Shawararmu ga magada ita ce kada a saida ta a ɓoye, kada kuma a halba ta. A je da maigari wurin hukuma a bayyana ta, a nemi a kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a roƙi a bar mana ita a ɗakin ƙungiya tare da jakar fatarta. Wanda ke da wani ra'ayi, ko wanda ya bi tsohon farauta yana da abin ƙarawa, ya aiko ma magatakarda kafin taron bayan girbi.