Ina Damisar Ƙasar Kano Ta Shiga?

'Yar'uwa, don Allah in tambaye ki: kin taɓa ganin damisa da idonki? Ba a hoto ba, ba a keji ba, a'a, a daji tana harkar gabanta. Na san amsarki, domin amsata ke nan ni ma. Amma kullum sunanta yana bakinmu. In mace ta cika zafin rai mu ce da ita "damisa ƙi sabo". In yarinya ta gaji uwarta mu ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sunaye suna nan, masu sunayen ne babu. Wannan shi ya sa na ga ya dace mu ɗan waiwaya baya, mu ga yadda aka yi aka haihu a ragaya.

Ni 'yar karkara ce, daga arewacin Kano. Wadda duk ta bi hanyar Dambatta ko ta Bichi ta san abin da nake nufi: gona ta dafa gona, ƙauye na hango ƙauye, ba inda za ki jefa dutse ya faɗa a dajin da ba mai shi. To amma da can ba haka ƙasar take ba. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa Barbushe, wanda ya zauna a dutsen Dala tun kafin zuwan Bagauda a wajejen shekarar 999, shahararren mafarauci ne, har ana cewa da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta. Ko da an ƙara gishiri a labarin, abu guda dai ya fito fili: mutanen da suka ba da shi sun san giwa a kusa da gida.

A wancan zamani farauta sana'a ce mai tsari, ba ta kowa da kowa ba. Akwai maharbi, mai shiga daji shi kaɗai da kwari da baka, kibiyarsa ta sha dafi. Wani sa'in ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya duƙa yana tafiya kamar tsuntsun, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Akwai kuma farautar gayya ta lokacin rani, bayan an kawar da amfanin gona, wadda samari ke fita da karnuka da gora da kiɗa. Maharba suna da shugabanni, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, masu faɗa a ji. Abin da aka kamo kuwa tukunya yake shiga, fata ta tafi wajen majema, wani ɓangaren a haɗa magani. Kakata takan ce tana yarinya ba a barin akuya ta kwana a waje saboda kura, kuma in magariba ta yi ba mai aiken yaro bayan gari. Yau ko tsakar dare ki fita, sai dai haushin kare.

Farautar ƙawa, wadda ake kashe dabba don a rataye kanta a bango, baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita Afirka. Suna kiranta safari, kalmar da suka aro daga Suwahilanci, asalinta kuwa Larabci ne, tushe ɗaya da safarar da fatakenmu ke yi. Wanda ya fi kowa tallata ta shi ne Tiyodo Rusbelt, tsohon shugaban Amurka. Da ya sauka daga mulki a 1909 sai ya nufi Mombasa, ya ratsa Gabashin Afirka da ɗaruruwan 'yan dako, bai tsaya ba sai Kartum a 1910. Shi da ɗansa kaɗai sun harbe dabbobi 512. Tun daga nan duk mai kuɗin da ke ji da kansa a Turai da Amurka ya shiga marmarin zuwa ya ɗauki hoto, ƙafarsa a kan zaki.

A nan wajenmu, bayan Turawa sun ci Kano a 1903, joji-joji da hafsoshin soja sukan fita harbi don nishaɗi, maharbanmu na nuna musu sawu. A 1916 suka kafa dokar kare namun daji, wadda ta kawo zancen lasisi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963, ta kasa dabbobi kashi-kashi: waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda sai da izini. Kin ga ke nan maharbin da ya gaji baka daga kakansa ya wayi gari yana neman takarda kafin ya shiga dajin garinsu.

To sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: ba bindigar Bature ce ta ƙarar da namun dajin arewacin Kano ba. Garma da fartanya ne. Tun farko annobar shanu ta wajejen 1890 ta yi wa su ɓauna mummunar ɓarna. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, kowa ya faɗa daji yana sassabe. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, saurar da ake bari ta huta aka daina barinta, aka koma zuba taki ana nome wuri ɗaya kowace shekara. Michael Mortimore, malamin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa manomanmu ba maɓarnata ba ne: suna tattalin gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya a cikin gonakinsu. Amma bishiyar gona daban, duhuwa daban. Gada da barewa suna son wurin ɓuya da kiwo, damisa kuma tana son gada da barewa. Da abincin ya tafi, sai mai ci ya bi shi. Farin 1973 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Shi ya sa farautar yau ta koma zomo da gafiya da zabon daji, wani lokacin ma a dawo da rauni ba nama.

Hukuma ta yi ƙoƙarin ceto ɗan abin da ya saura. Dajin Falgore, can kudancin Kano, an keɓe shi tun shekarun 1940, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. An kafa Yankari ta ƙasar Bauchi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Gwamna Audu Bako ya gina gidan zu a Kano a farkon shekarun 1970. A duniya kuma an ƙulla yarjejeniyar CITES a Washinton a 1973, ta soma aiki a 1975, ta hana cinikin fatar damisa tsakanin ƙasashe. Nijeriya ta yi dokarta a kan haka a 1985.

Amma fa farautar ƙawa ba ta mutu ba. Kenya ta haramta ta a 1977, sai dai ƙasashe irin su Tanzaniya da Zimbabuwe da Namibiya sun ci gaba, an ware musu adadin fatun da za su iya fitarwa a shekara: 500 ga Tanzaniya, 500 ga Zimbabuwe, 250 ga Namibiya. Ga yadda abin yake. Baƙo zai biya dubban daloli, a haɗa shi da ƙwararren maharbi mai lasisi, da masu bin sawu, da masu fiɗa. Za a soma da dabbobin fili, irin su gwanki da jakin dawa da mugun dawa. Sai a rataye naman wata dabba a reshen bishiya, a yi ta dubawa har a ga damisa namiji ya fara ci. Daga nan a kafa 'yar bukkar ciyawa a gefe, baƙo ya shige ya yi tsit, wani lokaci kwana da kwanaki, har ta hau bishiyar da almuru ya harbe ta. Fata da ƙoƙon kai su bi shi ƙasarsu.

Masu goyon baya suna cewa kuɗin ne ke biyan masu gadin daji, kuma in daji bai kawo kuɗi ba, gona zai koma. Masu suka suna cewa kaɗan ne ke isa hannun talakan ƙauye, kuma kashe manyan maza yana raunana iri. Ni dai in na dubi ƙasarmu, na san zance na farko ba wasa ba ne, don mun ga daji ya koma gona da idonmu. Amma akwai wata hanya a nan maƙwabta. A yankin Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har saura 49 a 1996. Aka hana kashe su, aka tallafa wa manoman da ke zaune da su, masu zuwa kallo suna biya. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, ba tare da an harbi ko ɗaya don ƙawa ba.

To uwargida, ina namu a ciki? Muna da shi mana. Mu ne masu sayen gawayi, alhali daga sauran dazuzzukan da suka rage ake ƙono shi. Murhu mai tattalin itace ba ƙaramin taimako ba ne. Mu ne kuma ake kawo wa guntun fatar damisa ko ta zaki, wai maganin kwarjini ko na mallakar miji. In ba mai saye, wa zai kashe? Sannan mu ne masu tatsuniya. In kin ba yaranki labarin gizo da kura, ki gaya musu cewa kurar nan ta taɓa yawo a bayan gidan kakanninsu, kuma 'yan'uwanta suna nan a Yankari da Gashaka-Gumti, in an bar su. In hali ya yi, ki roƙi maigida ya kai ku su gani.

Yaron da ya san abin da aka rasa, shi ne zai riƙe abin da ya rage. Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a maƙala ta gaba.