Dokar 1962 da Tsofaffin Gidajen Birnin Liyon

Abin da muke so mu duba a wannan takarda shi ne yadda ƙasar Faransa ta tashi daga kare gini guda ta koma kare unguwa sukutum. Za mu kafa hujja da tsohuwar unguwar birnin Liyon, wadda ke bakin kogin Saone.

Akasarin gidajen unguwar an gina su ne tsakanin ƙarni na 15 da na 17, watau zamanin da Turawa ke kira na Farfaɗowa. A 1463 Sarki Louis na XI ya yardar wa birnin ya riƙa cin babbar kasuwa sau huɗu a shekara, sai attajiran Italiya, irin su zuriyar Gadagne, suka yi ta kwararowa. Su da takwarorinsu na gari suka gina benaye masu tsakar gida, da matakala mai murɗe, da lunguna masu ratsa gidaje daga wannan titi zuwa wancan. Daga baya masu hali suka ƙaura ƙetaren kogi, suka bar gidajen ga talakawa 'yan haya. A ganinmu talaucin nan ne ya fara tsare su, domin babu mai kuɗin rushewa ya sake gini.

Dokar kayan tarihi ta 1913 gini ɗai-ɗai take sanyawa a rajista, sa'an nan ta 1943 ta ƙara sa ido a kan abin da ke kewayensa har mita 500. Wannan ya dace da majami'a ko fada. Amma gidan attajiri darajarsa a jingine take da maƙwabtansa. In aka rushe su, lungun da ya ratsa shi ina zai ɓulla? Sabili da haka, sa'ad da magajin gari Louis Pradel ya yi niyyar fasa unguwar da babban titi, waɗannan dokoki ba su isa su tsare ta ba. Ƙungiyar Renaissance du Vieux-Lyon, wadda aka kafa a 1946, ita ta tashi tsaye.

Ran 4 ga Agusta, 1962, aka zartar da dokar da ake jingina wa ministan al'adu Andre Malraux, wadda ta ba da ikon keɓe unguwa ɗungum. A 1964 tsohuwar Liyon ta zama ta farko da aka keɓe, a 1998 kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya.

Sai dai kada mu manta da 'yan hayan nan. Da aka gyara gidajen kuɗin haya ya tashi, da yawa daga cikinsu kuwa suka kwashe kayansu suka koma wasu unguwanni.