Abokai biyu na tsibirin Gore

A zamanin mulkin mallaka, yaron Nijar da ya yi fice a lakwal sai ya bar gida kafin iliminsa ya yi nisa. Hanyarsa takan bi ta Porto-Novo a ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin tun 1975, daga can ta kai shi makarantar horon malamai ta William Ponty. Wannan makaranta ta zauna a tsibirin Gore, daura da Dakar, daga 1913 har zuwa ƙarshen shekarun 1930, lokacin da aka mayar da ita Sebikotane. Bubu Hama ne ya buɗe wa ƴan Nijar ƙofarta, ya komo gida yana malamin makaranta a 1929.

Cikin waɗanda suka bi sawunsa akwai Diori Hamani na Sudure, haifaffen 1916. A Gore ya ƙulla abota da wani tsaransa, Hubert Maga na Paraku, wanda shi ma a 1916 aka haife shi. Dukansu sun fito daga yankunan da ke nesa da teku, inda boko bai yi saiwa ba, suka tsinci kansu cikin ƴaƴan biranen gaɓar ruwa da suka riga su sabawa da Faransanci. Baƙunta ce ta fara haɗa su, sannan ɗakin kwana, da akushi ɗaya, da fargabar jarrabawa ɗaya.

Makarantar ta gwamnati ce, ba ruwanta da koyar da addini. Salla da azumi, ko zuwa coci ranar Lahadi, al'amari ne tsakanin ɗalibi da Ubangijinsa, babu uba a kusa balle liman na unguwa mai tsawatawa. Ban da haka, daga shekarun 1930 aka riƙa sa ɗalibai su rubuta bincike kan al'adu da aƙidun garuruwansu, rubuce-rubucen da aka adana a cibiyar IFAN ta Dakar. Abin da saurayi ya tashi yana gani wurin iyayensa, yanzu an ce ya auna shi da ma'aunin baƙo. A irin wannan wuri kowa yakan san nauyin abin da ya riƙe. Diori ya tsaya kan Musulunci har ya zama alhaji. Maga kuwa, wanda ya tashi a gidan Musulmi, ya shiga ɗariƙar Katolika. Wannan bai raba su ba.

Bayan shekarun koyarwa, siyasa ta sake haɗa su a majalisar dokokin Faransa. A watan Mayu na 1959 ƙasashensu suka shiga ƙungiyar Conseil de l'Entente tare da Houphouët-Boigny, wani tsohon ɗalibin Gore. Dahome ta samu ƴancin kai ranar 1 ga Agusta 1960, Nijar ranar 3, abokan biyu suna kan karagar mulki. Amfanin wannan jituwa ya kai har rumbun talaka, domin gyaɗar Nijar a mota take zuwa Paraku, jirgin ƙasa ya kai ta tashar Kwatano.

A watan Oktoba na 1963 sojoji suka kawar da Maga. Kafin shekara ta ƙare rikicin tsibirin Lete, a kogin Isa, ya yi tsanani: Nijar ta sallami dubban ƴan Dahome, cikinsu har da malamai da akawuna, Dahome kuma ta toshe hanyar kaya. Gardamar Lete ba ta mutu ba sai a 2005, da kotun duniya ta Lahay ta ba Nijar tsibirin. Diori ya rasu a Rabat a 1989, Maga a Kwatano a 2000.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Zumuntar Gore ta ɗauki ƙasashe biyu shekara uku, amma da ƙafa ɗaya ta gurɗe, ba a tarar da wani ginshiƙi a ƙarƙashinta ba. Malamin da ke duban ɗakin kwanan ɗalibansa yau yana da abin lura biyu a nan: abotar da ta tsallake bambancin addini tana ƙulluwa ne tun ana samari, kuma tana bukatar yarjejeniya da hukumomi masu ƙarfi su tallafe ta, domin ta wuce zamanin waɗanda suka ƙulla ta.