Daga Tanti Zuwa Inji Mai Gane Bishiya: Tarihin Feshin Gonakin Lemo a Amurka

Bishiyar lemo tana da wuyar feshi. Ganyenta a cunkushe yake, ba ya kaɗewa rani da damina, kuma ƙwarin da suka fi cutar da ita suna laɓewa ne a bayan ganye da can cikin rassa. Shi ya sa manoman Kalifoniya da Fulorida suka shafe fiye da shekara ɗari suna sauya dabara.

Wajajen 1868 wani ƙwaro ya shiga Kalifoniya daga Ostireliya. Yakan manne a reshe yana tsotse ruwan bishiya, ya lulluɓe ƙwayayensa da wani farin abu kamar auduga. Kafin shekara ashirin ya kusa durƙusar da noman lemo a kudancin jihar. An gwada wanke bishiyoyi da ruwan sabulu da kananzir, abin ya faskara. A 1886 masanin ƙwari D. W. Coquillett ya fito da dabarar rufe bishiya da tanti, a saki iskar guba ta sayanayid a ciki. Da dare ake aikin, domin hasken rana kan sa gubar ta ƙona ganye.

Sai dai ba gubar ce ta kawo ƙarshen wannan annoba ba. A 1888 aka aika Albert Koebele Ostireliya ya nemo abin da ke cin ƙwaron a ƙasarsa ta asali. Ya turo wani ɗan ƙwaro mai jan baya da ake kira vedalia, wanda ya share ƙwaron daga gonakin cikin shekara biyu.

Tanti ya ci gaba da aiki a kan wani ƙwaro mai jan ɓawo. Zuwa 1916 an lura cewa a yankin Corona na Kalifoniya gubar ta daina kashe shi kamar da. Daga nan aka karkata ga tataccen mai da ake dama shi da ruwa, wanda ke toshe wa ƙwaro hanyar numfashi. Wannan feshi ba ya aiki sai ya jiƙa ko'ina, don haka ma'aikata kan bi bishiya ɗaya bayan ɗaya da tiyo, wani ma ya hau hasumiya a kan mota don ya kai ƙololuwa. A ƙarshen shekarun 1930 aka ƙera inji mai babbar fanka a Fulorida, wanda ke tura maganin da iska mai ƙarfi har tsakiyar bishiya yayin da tarakta ke jan sa.

Sauƙin feshi ya haɗu da zuwan maganin ƙwari na DDT bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka shiga feshi ba ƙaƙƙautawa. A 1946 da 1947 maganin ya kashe vedalia a tsakiyar Kalifoniya, ƙwaro mai audugar nan ya dawo da ƙarfinsa bayan kusan shekara sittin yana kwance. Irin wannan darasi ne ya sa a 1959 masana huɗu na Jami'ar Kalifoniya, Stern da Smith da van den Bosch da Hagen, suka tsara sabuwar hanya: a riƙa zagaya gona ana ƙirga ƙwari, kada a yi feshi sai yawansu ya kai inda zai jawo asara, kuma a zaɓi maganin da zai bar ƙwari masu amfani. Amurka ta haramta DDT a 1972.

Injinan ma sun bi wannan tunani. Daga shekarun 1980 aka fara saka musu na'urar da ke gane bishiya, ta buɗe bakin feshi idan akwai ganye, ta rufe idan fili ne. Da cutar da ke hana lemo nuna ta bayyana a Fulorida a 2005, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, sai maƙwabta suka fara haɗa kai suna feshi lokaci guda, don kada ƙwaron ya tsere gonar kusa ya dawo.

Duk ci gaban da ya ɗore a wannan tarihi ya samu ne daga sanin ƙwaron, da lokacin da ya dace, da inda maganin zai sauka. Manomin da ke goye da famfon feshi a lambunsa yana iya riƙe waɗannan ukun ko da ba shi da tarakta.