Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Gano Matsalar Kafin a Kashe Kuɗi

A ƙauyuka da dama, ƙaramar mota irin su Golf, Starlet ko tsohuwar Peugeot 504 ita ce jakin manoma. Ita ke ɗauko taki daga gari, ita ke kai tumatir da albasa kasuwa, ita ce kuma motar asibiti in dare ya yi. Yawancin waɗannan motoci sun tsufa. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, tsohuwar Toyota Starlet kuwa an daina yin ta a 1999. Ranar da irin wannan mota ta ƙi tashi, asara biyu ake yi: kayan gwari na laushi a kwando, sannan kuɗin ƙungiya na tafiya wajen sayen kayan gyara ta hanyar canki-canka. A sayi batir, ba shi ba ne. A sayi filogi, ba shi ba ne. A ƙarshe a tarar waya ɗaya ce ta saki.

Injin fetur ba ya tashi sai abu huɗu sun haɗu: kik ya juya shi da ƙarfi, mai ya iso, filogi ya ba da wuta a daidai lokaci, sannan silinda ta matse iska da man. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne babu. Aikin direba shi ne ya gano wanne, yana farawa da abin da ba ya cin ko sisi.

Fara da kunne

Saka giya a firi, ja birkin hannu, kashe rediyo, ka murɗa makulli kana saurare. Abin da za ka ji ba zai wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba:

- Shiru, ko ƙas sau ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri: matsalar na wajen batir, wayoyinsa ko kik.
- Injin na juyawa da kyar kamar mai jin barci: batir ya yi sanyi, ko wutar ba ta wucewa sosai.
- Injin na juyawa lafiya amma bai kama ba: batir da kik ba su da laifi, a koma kan mai da wutar filogi.
- Ya kama, sai ya mutu nan take: mai ba ya isowa yadda ya kamata, ko kuma makullin ne.

Kada a riƙe makulli ya wuce daƙiƙa goma a murɗa ɗaya. A huta kamar rabin minti kafin a sake. Nacin murɗawa na ƙona kik, yana kuma ƙarasa ɗan cajin da ya rage.

Idan shiru ne ko ƙas-ƙas

Kunna fitilar rufin cikin mota, ka murɗa makulli kana kallon ta. Ita ta fi dacewa da wannan gwaji, domin wasu motoci kamar Golf kan kashe fitilun gaba da kansu lokacin da ake murɗa makulli. In fitilar ta dusashe ƙwarai ko ta mutu, batir ne ko kawunansa. In ta tsaya da haskenta amma kik bai motsa ba, to wutar ba ta isa kik ba ne, ko kik ɗin ne ya lalace.

Buɗe bonet ka kama kan batir da hannu ka murɗa. In ya motsa, ka ga ɓarawon. In akwai farin gari ko kore-kore a jikinsa, cire kan da ke da alamar (−) tukuna, sannan mai alamar (+). Wanke su da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, amma kada ruwan ya shiga ramukan batir. Goge da samfefa har ƙarfen ya yi haske, mayar da (+) tukuna, sannan (−), ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris a kai. Bi baƙar wayar da ta tashi daga (−) zuwa jikin mota da injin, wadda makanikai ke kira at. Hanyar ƙauye mai gargada na kwance notinta, tsatsa kuma na cin ta.

Ƙungiyar da ke da ƙaramar mitar gwada wuta ta huta da gardama. Cikakken batir da ya kwana ba a taɓa shi ba yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, kusan rabin caji ne ya rage. Ƙasa da 12 kuwa sai an kai shi caji. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen bolt 10 ba. In ya nuna 12.6 a zaune amma ya zube da zarar an murɗa, batir ɗin ya gaji, caji ba zai raya shi ba.

In batir da wayoyi lafiya lau, sa wani ya murɗa makulli, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana a hankali. In ya tashi, burushin da ke cikinsa ya cinye. Wannan dabara ta kai ka kasuwa ce kawai, gobe ma zai sake. In kuwa kik na kuka wuiii shi kaɗai injin bai juya ba, haƙoransa ne ba sa kama na injin, sai an sauke shi. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N, a gwada duka biyun.

Idan injin na juyawa amma bai kama ba

*Mai.* Kada a yarda da allurar mai a tsohuwar mota, sau da yawa ƙarya take yi. A zuba lita biyu ko uku na man da aka amince da shi a gani. A mota mai injekta, murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ka kasa kunne wajen tanki. A yawancinsu za ka ji famfon mai ya yi ɗan zuuu na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In shiru, duba fiyus ɗinsa kafin a ce famfo ya mutu. Fiyus da ya ƙone a canza shi da mai lamba iri ɗaya. Cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa shi ke jawo gobara.

Man jarka da na bakin hanya kan zo da ruwa ko datti. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyar. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa ya bar layi a fili. Irin wannan sai an zubar da na tanki an canza filta. Motar da aka ajiye tun kaka ba a taɓa ba, manta kan lalace ya toshe kafireto.

In kuma warin fetur ya cika wurin bayan an yi ta murɗawa ana buga totur, mai ne ya yi yawa ya jiƙa filogi. Jira minti goma, taka totur har ƙasa ka riƙe shi nan, sannan ka murɗa. Kada a tsiyaya fetur a bakin kafireto ana murɗa makulli. Wuta kan yi tsalle daga ciki ta kama hannu da fuska.

*Wuta.* Kwance filogi ɗaya ka dube shi. Jiƙaƙƙe da fetur na nufin mai na isowa, wuta ce babu. Busasshe ƙayau bayan an sha murɗawa na nufin mai ne bai iso ba. Mayar da shi cikin wayarsa, ka kwantar da gindinsa a kan ƙarfen injin nesa da ramin da ya fito, ka cire hannunka, wani ya murɗa. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas ita ake so. In ja ce mai rauni ko babu sam, a duba kwayil, murfin distiributa da wayoyin. Da damina, ko bayan an wanke injin, laima kan taru a cikin murfin distiributa. Buɗe shi ka goge da busasshen ƙyalle, sau da yawa shi ke nan. Wayoyin filogi a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, domin in suka cakuɗe injin ba zai tashi ba. Motar da ke kwana kusa da rumbu kuma a duba ko ɓera ya ci waya.

*Bel ɗin tayimin.* In injin na juyawa da sauri fiye da yadda ka saba ji, sakayau kamar ba nauyi, dakata. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, wani ya murɗa kaɗan kana leƙawa. A Golf da Starlet, in ƙarfen ciki bai motsa ba, bel ɗin ya tsinke. Kada a ƙara murɗawa, kada a tura, domin a wasu injina bawul na lanƙwashewa.

Lokacin da take ƙin tashi ma shaida ne

- Da asubar hunturu kawai: batir mai rauni, tsofaffin filogi, ko cok da ba ya aiki. A mota mai dizal, hita ne ake fara zargi.
- Sai ta yi zafi, in ta huce kuma ta tashi: yawanci kwayil ne ko na'urar da ke cikin distiributa.
- Kullum sai an tura duk da sabon batir: altaneta ba ta caji. Injin na aiki, mita ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, a duba fambel tukuna.
- Batir na mutuwa in ta kwana biyu a ajiye: wani abu na shan wuta, galibi rediyo ko fitilar da aka jona ba bisa ƙa'ida ba.
- Ta kama ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, musamman da makullin da aka yanko a kasuwa: wasu Golf 3 na ƙarshe-ƙarshe suna da na'urar tsaro da ba ta karɓar kowane makulli sai nata na asali.

Turi da jona batir

Turi na mota mai giyar hannu ne kawai, kuma maganin batir ko kik ne, ba ya kawo mai ko wutar filogi. Buɗe makulli, saka giya ta biyu, taka kuloci, in ta ɗauki gudu ka saki, da ta kama ka sake takawa. A tuna birki na da tauri kafin injin ya tashi, don haka ban da gangare mai tsayi, ban da yara a gaba.

Wajen jona batir da na wata mota, jar waya daga (+) zuwa (+). Baƙar waya daga (−) na mai lafiya zuwa ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. In ta tashi a cire su daga na ƙarshe zuwa na farko. Batir na fitar da iska mai kamawa da wuta, don haka ban da sigari, ban da gwada shi ta hanyar haɗa kawunansa da waya.

Inda za a tsaya a kira makanike

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In mota ta mutu a cikin rafi ko kududdufi, kada a murɗa makulli ko sau ɗaya, domin ruwan da ya shiga silinda na lanƙwasa ƙarfen injin. Haka in baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko ruwan lagireto na ƙarewa ba a ga inda yake zuba ba, ko waya na hayaƙi. In za a kira shi, a faɗa masa ƙarar da aka ji, abin da aka gwada, da inda aka sha mai na ƙarshe. Duk kayan da ya canza a karɓi tsohon a ajiye.

Abin da ƙungiya za ta tanada

A ajiye sifana mai lamba 10 da 13, sifanar filogi, sukudireba, fiyus iri-iri, filogi huɗu, filtar mai, wayar jona batir, tocila da mita a cikin motar. A buɗe littafi a riƙa rubuta ranar da aka sayi batir, ranar da aka canza bel ɗin tayimin, filogi da filta, da wanda ya yi aikin. Batir mai murfi a duba ruwansa duk wata, musamman da bazara, a ƙara masa ruwan batir kawai, ban da na rijiya. In motar za ta yi makonni a ajiye, a cire kan (−). Ranar jajiberin kasuwa kuma a tada ta da yamma a ji lafiyarta, tun ba a ɗora kaya ba.